Daga Batsari da Safana zuwa Urushalima: Shirin da Ake Yi Tun a Gida

A Batsari da Safana ba a koya wa kowa ma'anar biyan kujera, ko bita, ko guzuri. Kusan kowace unguwa tana da alhaji ko hajiya da za su zayyana wa mutum yadda ake shirin Makka tun daga adashi har sansanin alhazai. Abin da ba a cika sani ba shi ne shirin maƙwabtansu mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda ba su da yawa a yankin, idan suka ƙudurta zuwa ziyarar ibada Urushalima ko Roma. Ziyarar ba farilla ba ce a wurinsu, ba ta kuma da wata guda da aka keɓe mata. Amma wahalar takardu da ta hanya kusan iri ɗaya ce, kuma yawancinta a gida ake shan ta, tun kafin a ga ƙofar jirgi.

Tun watan Oktoba na 2023 Katolikan jihar suka sami tasu dayosis, lokacin da Fafaroma Francis ya cire Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko. Wannan ya rage nisa. Takardar shaidar da fada ke riƙewa don a bar shi ya jagoranci addu'ar Mas a wata ƙasa, da wasiƙar gabatar da ayari, yanzu a birnin Katsina ake neman su.

Hanyar tafiya ziyarar biyu ce. Akwai ta gwamnati, wato hukumar ziyarar ibada ta Kiristoci, NCPC, da aka kafa da dokar 2007, mai kai masu ziyara Isra'ila da Jodan, wani lokaci Roma da Girka. Akwai kuma ayarin da coci ke haɗawa da kamfanin tafiye-tafiye. Ta gwamnati takan haɗa ɗariƙu daban-daban a mota ɗaya, don haka Katolikan da ke son Mas kullum da damar furta zunubi sai su tabbatar akwai fada a cikinsu. A wurare masu tsarki da 'yan Faransiskan ke kula da su, ba a isa kawai a ce za a yi Mas. Akwai ofishinsu kusa da Ƙofar Jaffa a Urushalima inda ake kama lokaci tun da wuri. Ta kamfani kuwa, a nan ake yawan kuka. Kuɗi ya shiga asusun coci ko na kamfani mai rajista, a karɓi rasit, a kuma rubuta abin da za a mayar idan biza ba ta fito ba. Duk wanda ya ce a tura asusunsa na kansa, a yi masa sallama.

Babban abin da ke kayar da maniyyaci shi ne suna. Mutumin da aka yi wa baftisma da Bitrus, makaranta ta rubuta Peter, katin ɗan ƙasa kuma ya ɗauki sunan kakansa a madadin na mahaifinsa, zai sha zirga-zirga. Hukumar shige da fice ba ta yin fasfo sai da lambar NIN, kuma abin da ke kan NIN shi za ta buga. Gyaran harafi ɗaya ko ranar haihuwa yakan ci makonni. Ga wanda ke zaune a Runka ko Ruma, gyara kan iya zama tafiya zuwa Katsina, da kuɗin mota da ɓata yini. Shi ya sa katikis (mai koyar da addini a coci) mai hankali yakan tara takardun jama'arsa ya jera su ya duba tun ana saura wata shida. Mai tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, domin galibi ana son ya rage aƙalla wata shida. Sai katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara.

Ga mai zuwa Roma, bizar Italiya tana da tsauri. Ana biyan Yuro 90, ana neman inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000, a ɗauki hoton yatsu, a kuma nuna bayanan banki. Manomin da dukiyarsa ke cikin rumbu da turke ba shi da takardar da za ta nuna hakan, sai dai ya fara ajiya a banki tun da wuri, ko a rubuta sarai wanda ya ɗauki nauyinsa. Duk wannan tsanani yana da dalili: wasu sun sha sulalewa daga ayari su ɓace, abin da ya sa ake tantancewa ana kuma neman mai tsaya wa mutum. Wanda ya gudu, na bayansa ya rufe wa ƙofa.

Kuɗin kujera ba ya tsayawa wuri ɗaya, tunda da dala ake lissafinsa. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. Masu adashi, musamman Zumuntar Mata da suka ƙware a kansa, su bar sarari don ciko. Wurin zuwan ma yana iya sauyawa: bayan ɓarkewar yaƙin Gaza a Oktoban 2023 an dakatar da zuwa Isra'ila na wani lokaci. Jodan ba ta rasa abin gani ba, ga Dutsen Nebo, ga wurin baftisma a gaɓar Kogin Urdun. Akwai kuma Namugongo a Yuganda, inda ake taron tunawa da shahidai kowace ranar 3 ga Yuni, kuma 'yan Nijeriya na zuwa.

Sai maganar tsaro, wadda mutanen bakin dajin Rugu suka fi kowa sani. A wasu wurare akan kira maniyyaci gaban coci a sanar da ranar tafiyarsa. A Batsari da Safana wannan ganganci ne, ko da an sami sauƙi, domin wanda aka ji zai hau jirgi an ɗauka mai kuɗi ne, iyalin da ya bari ma haka. A yi addu'ar sallama cikin 'yan kaɗan, a bar ɗora hotuna a Facebook sai an dawo. A fita da rana, a kwana Katsina ko Dutsin-Ma, kada a ce za a yi sammakon asuba daga ƙauye. Jiragen ziyara galibi daga Abuja ko Legas suke tashi, saboda haka a ƙara kwana ɗaya na hanya. Waɗanda suka ga yadda aka katse layukan waya a yankin a 2021 sun san amfanin barin lambar wani ɗan'uwa na birni a hannun shugaban ayari.

Ziyarar aikin ƙafa ce. Hanyar Gicciye a Urushalima mai tashoshi 14 matakalai ne na dutse cikin cunkoson kasuwa, ƙofar Cocin Haihuwa a Baitalami kuwa sai an sunkuya ake shiga. Dattijo ya fara tattaki kullum tun ana saura wata biyu, da takalmin da zai tafi da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa cikin kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu. Sanyin Urushalima daga Disamba zuwa Fabrairu da ruwan sama yake zuwa, ya fi ƙarfin rigar hunturun gida. Kilishi da man shanu ba sa shiga Turai a jakar matafiyi, za a ƙwace su a filin jirgi. Soket ɗin lantarki na can ba irin namu ba ne, sai da adafta. A Isra'ila harkoki da yawa kan tsaya daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar.

A Roma ba a shiga Majami'ar Waliyi Bitrus da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, abin da ba zai dami mutanenmu ba. Masu yankan aljihu a jirgin ƙasa su ne abin lura. Fafaroma yakan gana da jama'a ranar Laraba idan yana gari, kuma tikitin shiga kyauta ne. Duk wanda ya sa shi cikin lissafin kuɗin kujera, a tambaye shi dalili.