Aikin yanar ido ga wanda aka taɓa yi wa aikin leza

Cikin idon kowane mutum, bayan baƙin ido, akwai wani ɗan madubi garai-garai, girmansa kamar ƙwayar wake. Shi ke tattara haske don mutum ya gani sosai. Idan shekaru suka ja, madubin nan yakan dushe, ya yi fari. Wannan ita ce yanar ido. Maganin sha ko na ɗigawa ba ya kawar da ita. Sai lokotoro ya fitar da madubin da ya dushe, ya sa na roba a gurbinsa. An fara sa irin wannan madubi a birnin Landan cikin shekara ta 1949.

Madubin roba kamar takalmi ne, kowa da lambarsa. Kafin aiki ana awon abu biyu. Na farko tsawon ido, wanda ga yawancin manya milimeta 23 zuwa 24 ne. Na biyu lanƙwasar fatar gaban ido, wadda haske ke ratsawa. Da su ake lissafin ƙarfin madubin. Kuskuren milimeta 1 kaɗai ya isa ya bar mutum da gani dishi-dishi.

To, akwai mutanen da lissafin nan ke yi wa gardama. Su ne waɗanda aka taɓa yi wa aikin leza don su rabu da tabarau. Leza wani haske ne mai ƙarfi da ake kankare fatar gaban ido da shi. Aikin ya yaɗu a duniya tun shekarun 1990, kuma da yawa cikin waɗanda aka yi wa shi da ƙuruciya yanzu sun kai shekarun yana. Mai yiwuwa kuna da ɗan'uwa da aka yi wa shi a ƙasar waje, wurin karatu ko fatauci.

Ga inda matsalar take. Ga wanda ba ya hangen nesa, leza tana rage tudun fatar daga tsakiya, ta waje kawai, cikinta kuwa yana nan yadda yake. Na'urar awo ba ta san da haka ba. Sai ta ɗauka fatar tana tattara haske fiye da yadda take yi. Idan aka bi lissafin da aka saba, madubin da za a sa ba zai kai ƙarfin da ake bukata ba. An cire yana, amma mutum ya koma ga tabarau. Canza madubi kuwa sai an sake wani aiki.

Don haka ku faɗa wa lokotoro tun ranar farko, ko bai tambaya ba, ko da shekara 20 ke nan da yin aikin. Leza ba ta barin babban tabo, ana iya duba ido ba a lura ba. Ku kai masa takardun aikin da na tsohon tabarau, in suna nan. In sun ɓace kada hankalinku ya tashi: yau akwai lissafi na musamman da ba ya bukatarsu, sai dai ba kowace likita ke da kayan awon ba, ana iya tura ku babban gari.

Duk da haka, lissafin ba ya faɗawa daidai kamar na idon da ba a taɓa ba. Wasu za su bukaci tabarau marar ƙarfi. Idan ido biyu ne ke da yana, akan fara da guda, a jira ya warke, a ga yadda ganinsa ya zauna, sannan a gyara lissafin na biyu.