Ko Ka San Farin Ɓera Ne Mizanin Guba?

Ko ka san cewa gargaɗin da ake bugawa a jikin kwalbar maganin feshi hukunci ne da aka ciro daga rayukan fararen ɓeraye? A birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda kamfanin Syngenta, wanda manomanmu suka sani ta hanyar Gramoxone da Karate, yake da hedikwatarsa ta magungunan gona a Amurka, shari'a ba ta halatta a kai magani kasuwa ba sai an gabatar wa hukumar kare muhalli hujjar ƙarfin dafinsa, babban mai shaida kuwa a wannan shari'a shi ne ɓera.

Wani masanin magunguna na Ingila, J. W. Trevan, shi ya aza harsashin wannan awo a shekarar 1927, bayan ya lura cewa Allah bai halicci dabbobi da juriya ɗaya ba, abin da ya halaka wannan sai wancan ya sha ya miƙe, saboda haka neman mafi ƙarancin abin da ke kisa aikin banza ne, gara a kama tsakiya. A tsohuwar hanyar, akan auna nauyin ɓerayen, a kasa su kashi-kashi, a ɗura wa kowane kashi miƙdarinsa sau ɗaya tak, sa'an nan a zuba musu ido har kwana 14, ana rubuta wanda ya daina cin abinci, da wanda jikinsa ya kama makyarkyata, da wanda ya mutu. Miƙdarin da ya kashe rabinsu shi ake kira LD50, ana lissafa shi da miligiram bisa kowane kilo na nauyin jiki. Ƙanƙantar adadi ita ce alamar tsananin sharri: gishirin miya yana wajen 3,000, alhali kuwa a dokar Amurka duk maganin da bai wuce 50 ba sai an zana masa ƙoƙon kai da ƙasusuwa. In gubar ta iska ce ko ta ruwa, yawanta a cikinsu ake aunawa, a kira shi LC50, kifi ma akan bar shi awa 96 a ciki.

Rayukan da wannan awo ya ci ba kaɗan ba ne, har ƙungiyar OECD ta soke tsohuwar hanyar a 2002 domin a rage yawan dabbobin, kuma lalle ta yi adalci.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. Sinadarin da ke cikin Gramoxone matsakaici ne a mizanin ɓera, amma kurɓi guda yana iya lalata huhun ɗan Adam, kuma har yau ba shi da makari. Don haka, ya kai manomi, ka bar magani a kwalbarsa ta asali, kada ka juye shi a gorar lemo, ka kuma ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.