Sankarar Hanta: Na'urar Duban-Ɗan-Tayi Da Lissafin Kuɗin Magani

A yawancin asibitocin kuɗi na ƙasar nan, daga Legas zuwa Fatakwal da Kano, na'urar duban-ɗan-tayi tana samun cinikinta ne daga mata masu juna biyu. Amma a Italiya da Japan da Sin, wannan na'ura ta daɗe da zama idon likita a wata hanya ta maganin sankarar hanta wadda ba a tsaga ciki, watau ƙone ƙarin da ya tsiro a hanta da allura. Masu zuba jari a harkar asibiti ya kamata su fahimci yadda abin yake, domin lissafinsa ya sha bamban da na sauran kayan aikin ciwon daji.

Tun a shekarun 1980 likitocin Japan da Italiya suka fara soka siririyar allura ta fatar ciki suna ɗura wa ƙarin sinadarin etanol. A shekarun 1990 aka koma amfani da zafi: allurar da ke ɗumama da wutar lantarki ko da igiyar maikuroweb, ta dafa ƙarin a inda yake cikin 'yan mintoci. Sau da yawa majinyaci kan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu. Sai dai akwai sharaɗi. Hanyar ta fi cin nasara idan faɗin ƙarin bai wuce santimita 3 ba, kuma adadinsu bai wuce uku ba.

Kafin a ƙone, na'urar ce ke nuna girman ƙarin da mazauninsa da hanyar da allura za ta bi ba tare da ta taɓa matsarmama ko hanji ba. Tana kuma nuna ko ƙarin yana jingine da babbar jijiyar jini, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, domin jinin da ke gudana yakan kwashe zafin, ya bar gefen ƙarin da rai.

Babban ci gaban da aka samu shi ne wani ruwa mai ɗauke da ƙananan kumfa da ake yi wa majinyaci allurarsa ta jijiya. An amince da SonoVue na kamfanin Bracco a Turai a 2001, aka fara sayar da Sonazoid a Japan a 2007, kana Amurka ta yarda a duba hanta da irin wannan ruwa a 2016. Sankarar hanta tana shan jini ne daga jijiyar da ke kawo shi daga zuciya, saboda haka cikin daƙiƙu kaɗan da yin allurar sai ƙarin ya haskaka fiye da sauran hantar, daga baya ya dushe. Kumfan yana fita ta numfashi cikin mintoci, ba ya wahalar da ƙoda, kuma babu tururin haskawa irin na hoton CT.

Bayan ƙonawa kuwa, a nan ne amfaninsa ya fi fitowa fili. Naman da ya mutu ba ya shan jini, don haka wurin yakan fito baƙi ƙirin. Duk inda aka ga ɗigon haske a gefe, to da sauran ƙari, sai a mayar da allura nan take tun majinyaci yana kan gado. Likitoci kan so ƙunar ta zarce iyakar ƙarin da milimita 5 zuwa 10 ta kowace fuska. Ga mai biyan kuɗi daga aljihunsa, wannan shi ne bambanci tsakanin biyan aiki sau ɗaya da biyansa sau biyu.

Na'urar tana da iyakarta. Iskar da zafi ke tayarwa takan rufe hoto na ɗan lokaci bayan ƙonawa. Ƙarin da ya ɓuya can sama ƙarƙashin huhu, ko a jikin mai teɓa, yana da wuyar gani. Saboda haka har yanzu akan nemi hoton CT ko MRI kimanin wata guda bayan aikin. Uwa-uba, ingancin hoton ya dogara ne ga hannun da ke riƙe da na'urar, ba kamar sauran injuna ba.

To ina muka tsaya? Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya haɗa majinyata 2,566 daga ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya gano cewa a Masar kashi 76 cikin ɗari sun sami maganin sankarar, amma a sauran ƙasashen kashi 3 ne kacal. Rabin majinyatan waɗannan ƙasashe ba su wuce wata biyu da rabi da rai ba bayan an gano cutar, kuma matsakaicin shekarunsu 46 ne. Watau magidanta ne a tsakiyar ƙarfinsu, masu shago da ma'aikata da iyali a wuya. Ba rashin allura kaɗai ya jawo haka ba. Yawancinsu sun zo ne ciki ya riga ya kumbura, ƙarin ya wuce ƙonawa.

Waɗanda ke cikin haɗari kuwa sanannu ne. Ƙididdigar ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekaru 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai, don haka manya da yawa ba su same ta ba. Ga kuma dafin aflatoksin da ke tsirowa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. A birnin Shanghai an gwada duba masu wannan ƙwaya duk wata shida da na'urar tare da gwajin jini, cikin mutane fiye da 18,000, aka ga mace-macen sankarar hanta sun ragu da kashi 37 cikin ɗari.

A ganin wannan marubuci, duk asibitin da ya fara da sayen injin ƙonawa ya ɗora jirwaye ne a inda ba a buƙata. Allurar ƙonawa galibi sau ɗaya ake amfani da ita a yar, kuma da dala ake shigo da ita, dalar da ta tashi daga kimanin N460 a tsakiyar 2023 ta haura N1,400 a farkon 2024. Injin zai zauna yana cin ƙura muddin babu masu ƙaramin ƙari da za a kawo masa. Na'urar duban-ɗan-tayi kuwa tana nan a ɗaki, janareta ƙarami ya ishe ta. Abin da ya rage shi ne horar da mai dubawa, da ajiye rajistar masu ɗauke da ƙwayar, da kiransu duk wata shida. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, saboda haka kamfanonin da ke biya wa ma'aikatansu suna da damar neman a sa gwajin ƙwayar B da wannan duba na wata shida cikin yarjejeniyar tun kafin su sa hannu.