Faɗuwar Naira a Littattafan Kamfanoni

A shekarar 2023 cinikin kamfanin MTN Najeriya ya haura naira tiriliyan 2.4, abin da bai taɓa samu ba, amma rahotonsa na ƙarshen shekara ya nuna asarar naira biliyan 137. Waɗanda suka sayi hannun jarinsa a Disamban 2021 kan naira 169 kowane ɗaya, cikinsu har da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata, suka ji cewa babu rabon ribar ƙarshen shekara. A daidai lokacin kuma manyan bankuna suna shelar ribar da ba a taɓa jin irinta ba. Dalili ɗaya ne ya haifar da duka biyun: sakin naira da aka yi a watan Yunin 2023, da kuma ƙa'idar da ke tilasta wa kamfani rubuta abin da sakin ya jawo masa.

Ƙa'idar ba ta zo da kanta ba. A watan Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Bankunan nan sun jima suna fitar da rahoton riba, masu binciken kuɗi suna sa hannu, alhali bashin da ba zai biyu ba ya cinye su ta ciki. A lokacin kowane banki yana da ranar rufe littafinsa, don haka ana iya ranto kuɗi daga maƙwabci a ƙawata lissafi, a mayar bayan an rufe. Babban Banki ya toshe wannan ƙofa da sanya 31 ga Disamba ranar kowa. A Yulin 2010 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da komawa ƙa'idojin duniya na IFRS, a 2011 aka kafa hukumar FRC a madadin tsohuwar hukumar tsara ƙa'idojin akanta, daga Janairun 2012 kuma kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka fara aiki da su. Akwai kwaɗayin jarin waje a ciki, domin mai kuɗi a Landan ba ya son a ba shi littafin da sai an yi masa tafinta.

Babban sauyi ga bankuna ya zo a 2018 da IFRS 9. A da, sai bashi ya nuna alamar lalacewa kafin a ware masa tanadi. Yanzu tun ranar da aka ba da rancen ake ƙiyasta abin da ka iya salwanta. Nauyin ya yi yawa har Babban Banki ya ba su shekara huɗu su shanye shi sannu a hankali. Wannan gyara ne na gaskiya, sai dai ya ɗora lissafin a kan hasashe: nawa gangar mai za ta kai, ina dala za ta tsaya, wane mai bashi ne zai farfaɗo. Banki biyu masu bin mutum ɗaya bashi na iya ware tanadi mabambanta, kuma kowanne yana kan ƙa'ida.

Abin da ya kama MTN kuwa IFRS 16 ce, wadda ta fara aiki a 2019. Kamfanin ba shi ne mai yawancin turakun sadarwar da yake amfani da su ba, haya yake yi, galibi daga kamfanin IHS, kuma wani ɓangare na kuɗin hayar yana ɗaure da dala. A tsohon tsari kuɗin hayar bana kawai ake rubutawa. Sabuwar ƙa'ida ta ce a rubuta hayar shekaru masu zuwa a matsayin bashi. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kusan 900 a ƙarshen shekara, bashin da ke wuyan kamfanin ya kumbura, asarar canji ta kai naira biliyan 740. Yawancin kuɗin nan ba su fita daga asusu a shekarar ba. Amma ba ƙarya ba ne, domin za a biya su, kuma ganinsu a rubuce na cikin abin da ya tura kamfanin ya sake zama da IHS a 2024 aka rage kason dala a yarjejeniyar.

Nestlé Najeriya ya bi wata hanyar. Bayan asarar 2023 ta cinye jarin masu hannun jari, a 2024 ya sauya manufar lissafinsa, ya daina rubuta filaye da gine-gine da injuna a farashin saye, ya koma ƙimarsu ta yau. Kusan naira biliyan 150 suka ƙaru a littafi ba tare da an sayar da ƙarin sinƙin Maggi ko ɗaya ba. Ƙa'ida ta halatta, kuma akwai hujja, tunda injin da aka saya lokacin dala tana naira 150 ba a rubuta shi da gaskiya in an bar shi a tsohon farashi. Abin lura shi ne lokacin da aka zaɓa. Ba a tuna da wannan gaskiyar ba sai da jari ya faɗa ƙasa da sifili.

Bankuna masu ajiyar dala kuwa riba suka ci daga faɗuwar naira. Babban Banki bai yarda ribar ta zama ta rabo ba: a Satumban 2023 ya hana su biyan masu hannun jari daga ribar sake ƙimanta dala, a 2024 kuma gwamnati ta ɗora harajin kashi 70 cikin 100 a kan ribar canjin da suka tabbatar a hannu.

Inda hukumomi suka ja birki shi ne ƙa'idar IAS 29, wadda ke neman a gyara alƙaluma gaba ɗaya idan hauhawar farashi ta shekara uku ta kai wajen kashi 100 cikin 100. Najeriya ta taka wannan layi, amma a Janairun 2025 FRC ta ce sauran alamomin ba su cika ba, don haka kada a yi aiki da ita. An kauce wa tsada da ruɗani, gaskiya ne. Sai dai har yanzu rahotanni suna jera nairar 2021 da ta 2024 kafaɗa da kafaɗa, kuma kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar da farashi ya tashi da fiye da kashi 30 yana iya kiran hakan bunƙasa a gaban taron masu hannun jarinsa.