Haɗin Gwiwar Hukuma da Jama'a Wajen Tsara Birni: Misali Daga Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan yadda hukuma da mutanen gari za su haɗa gwiwa wajen magance matsaloli uku da suke damun manyan birane, watau sufuri, da tsabtar muhalli, da tsarin gine-gine. An ɗauki birnin Kano a matsayin misali domin yana da daɗaɗɗen tarihin tsara kansa, sa'an nan ya ɗanɗani tsarin Turawa da na gwamnatocin da suka biyo baya. Abin da ake nufi da haɗin gwiwa a nan shi ne a zauna da waɗanda aiki ya shafa tun kafin a yanke shawara, a raba wa kowa nauyin da zai ɗauka, kuma kowa ya san wanda zai tuhuma idan aikin ya lalace.

Tsarin Gargajiya

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar Kano a ƙarni na 12, kuma Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Babban aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da taron hannu, kuma akwai tsani na shugabanci da umarni yake bi ya sauka, koke kuma ya bi ya hau: daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Kasuwa, da Sarkin Pawa, da Sarkin Ƙofa. A ƙasan wannan duka akwai gayya, wadda ta kan tara matasan unguwa su yashe kwata ko su gyara masallaci ba tare da an biya su ba.

Ko kududdufin da ake gani a tsohon birni yana da gurbinsa a wannan tsari. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidaje, da damina kuma shi ne yake karɓar ruwan da ya kwararo daga lunguna. Wannan tsari yana da nasa aibu, domin talaka ba shi da ikon ƙin aikin da aka ɗora masa. Amma yana da fa'ida guda wadda ba a musunta ta: kowane lungu akwai mutumin da aka sani da alhakinsa.

Yadda Alhaki Ya Rarrabu

Bayan zuwan Turawa a 1903 da isowar layin dogo a 1911, sai gari ya rabu. Tsohon birni ya zauna a hannun En'e, unguwar Turawa da Sabon Gari kuma suka bi wani tsari dabam. Bayan samun mulkin kai aka yi ƙoƙarin haɗa birni da waje a takarda guda, inda B. A. W. Trevallion ya shirya tsarin raya Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Amma yawan jama'a ya riga tsarin gudu, musamman bayan da Kano ta zama babban birnin jiha a 1967.

Dokoki biyu sun ƙara sauya al'amura. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da ayyukan da En'e ta saba yi hannun sababbin majalisu. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Ga shi kuma abin da ake kira birnin Kano da kewaye ya bazu a ƙananan hukumomi takwas, watau Birni, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo. Tsarin mulki na 1999 ya sanya kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, alhali jiha ma ta kafa hukumominta, irin su REMASAB domin shara, da KAROTA domin zirga-zirga, da KNUPDA domin tsara birane. Saboda haka titi ɗaya yana iya zama na Tarayya, lambatun gefensa na jiha, kasuwar da ta cinye rabinsa kuma ta ƙaramar hukuma. Ruwan sama kuwa bai san iyakar Dala da Fagge ba.

Sufuri

Mafi yawan masu ɗaukar fasinja a Kano 'yan kasuwa ne masu zaman kansu, kuma wannan shi ya sa duk wani tsari da ba a yi da su ba yake gamuwa da cikas. An shigo da babura masu ƙafa uku a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, har sunan shirin ya bi su. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013 saboda dalilan tsaro, sai waɗannan babura suka zama abin hawan talaka. A 2021 da kuma 2022 matuƙansu sun shiga yajin aiki saboda saɓani da hukuma a kan kuɗin haraji da na rajista, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta takawa a ƙasa. Hukuma tana da hujjar neman rajista, domin ba a tsara abin da ba a ƙidaya ba. Su ma matuƙa suna da hujjar neman a ji ta bakinsu kafin a yanka kuɗi.

Ikko ta ba da misalin wata hanya. A watan Maris na 2008 aka buɗe layin manyan motocin safa masu keɓaɓɓiyar hanya daga Mile 12 zuwa CMS, tsawon wajen kilomita 22. Gwamnati ta gyara titi da wuraren tsayawa, ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma ta kafa ƙungiyar gama kai, ta ci bashin banki ta sayi motoci, ta gudanar da su a shekarun farko. Da aka ba direbobi rabo a cikin shirin, sai waɗanda ake tsoron za su yi masa zagon ƙasa suka zama masu tsaronsa.

Muhalli

Kogin Jakara ya ratsa tsohon birni, ya haɗu da Getsi wanda yake ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar ruwa ta Wasai. A gefensa akwai masu lambu da suke ban ruwa da shi, su kawo latas da alayyafo kasuwa. A kudu kuma majemun zamani na Sharaɗa da Calawa suna kusa da kogin Calawa, wanda gari yake samun ruwan sha daga gare shi. Ashe ke nan abin da mai masana'anta ya zubar yana iya komowa cikin tukunyar wanda bai taɓa taka ƙofar masana'antar ba. Maganin wannan yana bukatar mai masana'anta, da manomi, da jami'in lafiya, da masanin kimiyya na jami'a su zauna wuri ɗaya.

Ta fuskar shara, an gaji ranar tsabtar gari ta ƙarshen wata daga shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a wanda gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984. Sau da yawa jama'a su kan fito su yashe lambatu su tara dagwalo a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan sama ya mayar da shi inda ya fito. Idan haka ta faru sau biyu ko uku, gwiwar masu gayya ta kan yi sanyi. Rabon aikin a fili yake: jama'a su ba da ƙarfi, hukuma ta ba da mota da wurin zubarwa, a kuma sa rana ɗaya. Ya kamata a lissafa da 'yan gwangwan da masu tura kurar shara, domin suna rage wa bola nauyi ba tare da albashin gwamnati ba.

Tsarin Gine-gine

Unguwanni da yawa na bayan gari sun tashi ne ta hanyar awon igiya, watau mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, ba a bar wurin titi ko makaranta ko magudanar ruwa ba. Mai saye ba don son karya doka yake yi ba. Fulotin gwamnati ya yi masa nisa, takardar mallaka kuma tana da tsada da jinkiri. Bayan an gina an tare, sai a nemi hanyar da motar kashe gobara za ta bi a rasa. Haka kuma an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, ruwan da suke karɓa ya koma gidajen mutane. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma mutane da dama sun danganta ta da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa.

A nan ne matsalolin uku suke haɗuwa. Gini ya toshe lambatu, ruwa ya cinye kwalta, titi ya ƙuntata, motoci su cunkushe. Mai unguwa da dagaci su ne suke fara sanin an sa gona a kasuwa, domin su ake kira shaida. Da ma'aikacin safiyo zai iso a wannan lokaci ya fitar da titi da magudana, da an huta da rusau daga baya. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari domin jama'a su gani su faɗi ƙorafinsu.

Sharuɗɗan Nasara

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Na farko, a kira jama'a tun ana shawara, domin wanda aka kira bayan an gama sanarwa aka yi masa. Na biyu, a yi magana da harshen da suke ji. Taswira da rahoton da aka rubuta da Ingilishi kaɗai ba su da amfani ga mai unguwa, saboda haka akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa na fassara da samar da kalmomin wannan fanni, da kai su gidajen rediyo. Na uku, a bayyana kuɗin da aka tara da inda aka kashe su, domin mai biyan haraji ya fi sakin hannu idan ya ga kwalta a titin da yake bi. Na huɗu, a kafa zaman a kan doka yadda ba zai mutu da sauyin gwamnati ba, kuma a sa mata a ciki, tun da su ne suka fi sanin inda ruwan gida yake bi da inda shara take taruwa.

Kammalawa

An ga yadda Kano ta tashi daga tsarin da kowane lungu yake da mai alhakinsa zuwa tsarin da hukumomi suka yi yawa, alhaki ya warwatse. Komawa zamanin Rumfa ba mai yiwuwa ba ne, amma mai unguwa, da ƙungiyar direbobi, da shugabannin kasuwa, da matasan gayya duk suna nan. Ma'aikacin gwamnati da ya san da zamansu, ya je inda suke kafin ya sa hannu a takarda, ya rage wa gwamnati asara, ya rage wa talaka wahala. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle birni mai miliyoyin mutane.