Ƙaura da Mota Tsakanin Najeriya da Nijar: Mai Ita Ya Wuce, Ita Ta Tsaya

Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, har abincin ma ɗaya. Shi ya sa wanda aiki ko aure ko kasuwanci ya mayar da shi ɗaya ɓangaren yakan lissafa motarsa cikin kayan ƙaura, tare da katifa da firij da tukwanen uwargida. Hukumar kwastan ba haka take lissafi ba. A wurinta mota haja ce mai haraji, kuma ƙasar mota ita ce ƙasar da aka biya mata kuɗin fito, ko daga ina mai ita ya fito. Yawancin wahalar da mutane ke sha a kan wannan batu daga rashin fahimtar wannan take tasowa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne sauƙin ziyara. Kullum motoci masu lambar Najeriya suna ƙetarawa ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ta Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram, ta Kamba zuwa Gaya. Ana zuwa biki, ana zuwa ta'aziyya, a kwana biyu a dawo. Tushen wannan sauƙi yarjejeniyar zirga-zirga ce ta ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, da aka sa wa hannu a Dakar a 1979. Ta ba motar gida damar zama a wata ƙasar ƙungiyar har kwana 90, motar haya kuma kwana 15, muddin direba yana da lasin, da takardar mallaka, da inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan ta shiga na ɗan lokaci. Wannan ta ƙarshe ita ce direbobi ke kira lesefase. Alƙawari ne a rubuce: motar baƙuwa ce, ba za a sayar da ita ba, kuma za ta fita kafin ranar da aka buga a jiki.

Mai ƙaura ba baƙo ba ne. Ranar da wa'adin takardar ya cika motar tana cikin ƙasa, ta tashi daga baƙuwa ta koma kayan da ba a biya wa haraji ba, kuma jami'in duwan, wato kwastan na Nijar, yana da hurumin kama ta ko a ƙofar gida ya same ta. Wasu kan yi dabarar komawa bakin iyaka duk sanda wa'adi ya ƙarato, su fita su sake shigowa da sabuwar takarda. Dabarar tana ci na ɗan lokaci. Amma mutumin da ya kama hayar gida a Maraɗi, ya sa 'ya'yansa a makaranta, ya buɗe shago, zai yi wuya ya ci gaba da shawo kan jami'i cewa ziyara ya zo. Kuma ya jingina zamansa ne a kan iyakar da ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020, Jibiya da Kamba ma sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Wanda takardarsa ta ƙare a irin wannan tsakani, babu inda zai je ya sabunta ta.

Ga kuma sauyin siyasa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, sun kafa tasu ƙungiyar ta AES. ECOWAS ta ce za a ci gaba da barin mutane da kaya su wuce kamar da, har sai an sanar da wani abu daban. Ma'ana, abin da a da haƙƙi ne rubutacce cikin yarjejeniya, yanzu ya rataya ne a kan fahimtar juna tsakanin gwamnatoci. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai niyyar zama ya daina dogaro da takardar ziyara.

To, in an yanke shawarar mayar da motar 'yar Nijar, matakin farko shi ne dedwanma, wato biya mata kuɗin duwan. A nan ake jin ƙorafin da aka fi yawan yi: "Ai na biya duti a Legas, don me zan sake biya?" Ƙorafin yana da ma'ana, amma doka ba ta tare da shi. Gaskiya ne ƙasashen yankin sun ɗauki jadawalin harajin fito na bai ɗaya tun 2015, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Sai dai jadawalin ne ɗaya, baitulmali ba ɗaya ba ne. Kuɗin da aka biya a Apapa ko Tin Can ya shiga asusun Abuja, Yamai ba ta ga ko dala ba. Sassaucin da ake yi wa kayan cikin yankin kuwa na abin da aka noma ko aka ƙera a yankin ne. Toyota da aka ƙera a Japan, ko Peugeot da ta fito daga Faransa, ko ta shekara goma tana yawo a titunan Kano ba ta zama ƙirar Najeriya ba.

A ɗauki misali don a ga nauyin abin. A ce duwan ta yi wa mota ƙima ta sefa miliyan biyar. Motocin shiga suna matakin kashi 20, wato miliyan ɗaya. Sai harajin TVA, wato VAT, wanda a Nijar kashi 19 ne, kuma ba a kan ƙimar kaɗai ake lissafa shi ba, har da harajin da aka riga aka ɗora. Kashi 19 na miliyan shida ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari. Tun kafin a zo kan ƙananan kuɗaɗe, irin su na ƙididdiga da na ƙungiyar UEMOA da rabin kashi ɗaya da AES ta ƙaƙaba a 2025, da ladan turanzitai, wato ejen ɗin da ke bin takardu, an riga an wuce miliyan biyu. Kuma a lura, ƙimar ba abin da ka saya ba ne. Rasit ɗin dillali daga Kano ba ya ɗaure jami'i. Shi yana duba ƙirar motar da shekararta da ƙarfin injinta, ya fitar da nasa farashin.

Akwai masu sa rai da sassaucin da ake yi wa mai sauya mazauni. Akwai shi, amma an yi shi ne don kayan gida da aka riga aka yi amfani da su: gado, kujeru, tufafi, littattafai. Kada kowa ya ɗauka mota tana ciki sai ya ga haka a rubuce daga ofishin duwan. Masu shigo da mota ba haraji su ne jami'an diflomasiyya da ma'aikatan wasu ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kuma lambarsu ma daban ce.

Wurin da ya kamata mutum ya fi ɓata lokaci tun yana gida shi ne lambar shasi. Haruffa da alƙaluma 17 ne, ana ganin su ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, kuma an buga su a jikin ƙarfen motar. Babu harafin I ko O ko Q a cikinsu, don kada su rikice da 1 da 0. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin binciken mota ya san yadda abin yake: jami'i ya buɗe bonet, ya sa yatsa ya goge ƙura da baƙin mai, ya haska da fitilar waya, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a takarda. In magatakardan da ya buga fatikula shekarun baya ya sa 8 a gurbin B, ko 5 a gurbin S, a nan magana za ta tsaya. "Alhaji, wannan takarda ba ta wannan mota ba ce." A gida gyaran irin wannan kuskure aikin 'yan kwanaki ne a ofishin lasin. A wata ƙasa kuwa zargin sata ne, domin 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, suna da rumbun bayanan motocin da aka sace, kuma da lambar shasi ake bincikawa. Haka nan wanda ya taɓa sauya inji, ya tabbatar takardunsa sun nuna sabuwar lambar.

Sai batun suna. A Najeriya an saba a sayi mota hannu na uku ko na huɗu, takardu suna ɗauke da sunan mai ita na farko, sai 'yar yarjejeniyar ciniki da aka rubuta a gaban shaidu biyu. A cikin gari ana lallaɓawa da haka. A bakin iyaka, mutumin da sunan da ke katin shaidarsa ya bambanta da na takardar mota, sai ya yi bayanin yadda motar wani ta zo hannunsa. A yi canjin mallaka kafin a tashi.

Bayan duwan, sauran aikin bai kai wannan nauyi ba. Da takardar shaidar biya ake neman kartigiri, wato katin rajistar mota, a karɓi lambar Nijar. Sai bizit, binciken lafiyar mota, da binyeti, harajin mota na shekara, da asiransi, wato inshora, daga kamfanin da ke aiki a ƙasar. Takardar Brown Card da aka ƙirƙiro a 1982 ta matafiyi ce, don biyan wanda ka yi wa ɓarna a ƙasar da ka ziyarta. Ba ta maye gurbin inshorar mazauni, kuma ba ta gyara maka taka motar. Lasin tuƙi ma haka: na Najeriya zai fitar da baƙo, amma mazauni ya nemi parmi na ƙasar. Abu ɗaya da babu damuwa a kansa shi ne sitiyari, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, daidai da maƙwabtanta. Ko da yake kundin mulkin da aka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, takardun mota da Faransanci aka saba cika su, don haka wanda bai iya ba ya samu mai karanta masa kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Mai tahowa daga Nijar zuwa Najeriya, nasa lamarin ya fi tsauri. Tun ranar 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta haramta shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa. An yi hakan ne don toshe hanyar motocin da ake saukewa a Kwatano a zagayo da su ta daji, waɗanda da yawansu ta Nijar ɗin suke biyowa. A 2023 an yi ta raɗe-raɗin an ɗage haramcin, hukumar kwastan ta fito ta ce ba haka ba ne. Dokar ba ta shafi mai ziyara ba, amma ta rutsa da mutumin kirki da ya yi shekaru yana aiki a Yamai, ya tashi dawowa Sakkwato da motarsa: ofishin kwastan na Illela ba wurin biyan dutin mota ba ne. Hanyar da doka ta bari ita ce tashar jiragen ruwa, kuma Nijar ba ta da teku. A can tashar ma akwai ƙa'idar shekarun mota, ga duti da harajin da ake ɗora wa tsofaffin motoci da VAT na kashi 7.5, kuma tun 2022 kwamfuta ce ke fitar da ƙima daga lambar shasi.

A wannan giɓi ne 'yan fasa-ƙwauri da masu buga takardun bogi suke cin abinci. Za a ce maka a kawo kaza, a shigar da motar da dare, a haɗa maka takardar kwastan da lamba da komai. Lambar tana iya zama ta gaske, domin ofishin lasin na jiha ne ke yin rajista, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke buga farantin, kwastan kuma hukuma ce ta daban. Samun lamba ba ya wanke motar da ba a biya wa duti ba. Jami'an kwastan da ke sintiri a manyan hanyoyi suna iya duba takardar a na'ura ko bayan shekaru, in ba ta fito ba su tafi da motar. Damar kwana 90 da hukumar ta bayar a 2024 don masu irin waɗannan motoci su zo su biya, ita kanta shaida ce ta yawansu.

Ni dai a ganina, ga mafi yawan masu ƙaura, sayar da motar a gida a sayi wata a can ya fi. Wadda aka saya a can harajinta yana cikin farashinta sau ɗaya, kanikawan garin sun san ta, takardunta kuma da harshen ofishin da zai duba su aka rubuta. Motar da ta cancanci wahalar ƙetarawa ita ce wadda har bayan an ɗora mata kusan rabin ƙimarta na haraji ta fi irinta araha a kasuwar can, ko wadda mai ita ya san lafiyarta ƙwarai har ba ya son musanya ta da abin da bai sani ba. Wannan lissafi a yi shi da sefa da naira a farashin canji na ranar, a kuma nemi ƙiyasi daga ejen mai lasisi tun motar tana gida.

Wanda kuma ya zaɓi tafiya da tasa daga Najeriya, ya adana asalin takardar dutin da aka biya mata a Najeriya, ko bayan ya karɓi kartigiri da sabuwar lamba. A ba ofisoshi kwafi in sun yarda, asalin ya zauna a gida. Ran da zama ya ƙare ya tashi komawa, jami'in da ke Jibiya mota mai lambar Nijar zai gani tana neman shiga ta ƙasa, kuma wannan takarda ce kaɗai hujjar cewa ta taɓa shiga Najeriya ta hanyar doka.