Sayen keke a Dakoro: rairayi da ƙaya su ne alƙalai

A birnin Maraɗi mutum na iya sayen keke don kyan fentinsa, ya hau kwalta ya kai gida lafiya. A Dakoro, wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi, lissafin ya sha bamban. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Tibiri aka nufi ƙauyukan Kornaka, ko Birnin Lalle, ko kwarin Tarka, sai jigawa da tsidau da ƙayar aduwa. Nan ne kuɗin mai saye ke nuna ko sun tafi inda ya kamata.

Tsohon keken nan baƙi mai birkin ƙarfe, wanda dattawa ke kira Rali, daga kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila ya samo sunansa, kuma a da an daɗe ana harhaɗa shi a Kano. Daga baya na Sin da Indiya suka cika kasuwa da siffa iri ɗaya: Flying Pigeon na Tianjin tun 1950, Hero na Ludhiana tun 1956, da Phoenix na Shanghai. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, wadda ta ninka kuɗin kayan waje, ta ƙara tura masu saye wajen masu araha. Irin wannan keke nauyinsa ya kai kilo 20, ba ya da giya, ba ya da sauri. Amma ga ɗan kasuwar da ke ɗaura buhun hatsi ko jarka huɗu a kariya, har yanzu da wuya a sami wanda ya fi shi. Ƙarfensa na ɗaukar walda, birkinsa ba ya da wayar da za ta tsinke, kuma kusan kowane mai faci a kasuwar ƙauye ya san ciki da wajensa. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba shi ne ƙafar baya, don ita ke ɗaukar kaya. Tsarin Ingila na asali wayoyi 40 ne a baya, 32 a gaba. Ƙafar da wayoyinta suka yi sako-sako tun a shago ba za ta ga ƙarshen kaka ba.

Sai dai Rali na da rauni guda, kuma a ƙasar Dakoro ba ƙarami ba ne: tayarsa siririya ce. Siririyar taya na yanka rairayi ta nutse, sai mahayi ya sauka ya tura. Malamin lakwal ko ma'aikacin gona da ke zagaya ƙauyuka ba da kaya mai nauyi ba, ya fi dacewa da keken nan mai faɗin taya, inci 26, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970 don hawan tsaunuka. Faɗin tayar na shimfiɗa nauyi bisa rairayi, musamman in an ɗan rage iska. Ɗan ragewa kawai, don taya mai laushi ƙarƙashin kaya na sa ƙarfen ƙafa ya ciji tub.

Giyar da masu sayarwa ke yi wa kirari, 18 ko 21, ita ce tarkon. Kaca a buɗe take, rairayi na haɗuwa da mai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran ƙarfe a hankali. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudun da ke neman giya 21. Wanda ba zai iya goge kaca kowane mako ba, gara ya sa bakanike ya mayar masa da keken mai gudu ɗaya. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis cikin gari kuwa, abin da zai nema shi ne keke mai murfin kaca, wanda ke kare ta daga ƙura, ya kuma kare bakin wando da babbar riga daga baƙin mai. Ga mace mai zane, akwai wanda ba ya da sandar sama.

Akwai kuskuren da ke cin kuɗin mutane da dama a kekunan hannu, waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Lamba 28 da ke jikin taya iri biyu ce. Ta Rali da ƴan uwansa faɗin bakinta milimita 635 ne, ta yawancin kekunan Turai kuwa 622. Tazarar milimita 13 ce kacal, amma ɗaya ba ta shiga ƙafar ɗaya. Mutum ya sayi keke mai kyau da araha, ranar da taya ta fashe sai ya tarar dole a aika Maraɗi, ko a tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya ko Katsina. Keken ya kwanta a zaure, mai shi ya koma biyan kabu-kabu. Shi ya sa masu hankali ke fara zuwa rumfar mai faci su tambayi irin taya da tub da kacar da yake ajiyewa, kafin su je wajen mai sayarwa.

Sauran abin ido ne da hannu. Sabon fenti a kan tsohon keke na iya ɓoye tsaguwa, galibi a wuyan keken inda ƙarafa suka haɗu. A ɗaga ƙafa a juya ta, a ga ko tana lilo. A hau kuma: in feda na ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Kuma a cikin kuɗin da aka ware, a bar na famfo da gam da faci, don tsakanin Dakoro da Bermo ana yin tafiya mai nisa ba a ga rumfar gyara ba.